Hanjin da Ya Girma a Ɗakin Gwaji

Abincin da ka ci makon jiya, ba ƙwayoyin da ke shimfiɗe a hanjinka yau ne suka tsotse shi ba. Waɗancan sun mutu tuni, sun bi bayan gida. Fatar da ta lulluɓe cikin hanji siririya ce ƙwarai, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tak, kuma ita ce ke tsakanin jininka da duk abin da ka haɗiya: yaji, maiƙo, ruwan matsarmama, da bakteriyar da ba ta ƙirguwa. Babu ƙwayar da za ta daɗe a wannan bakin aiki. Saboda haka jiki ke sabunta kusan dukkan shimfiɗar cikin kwana 4 zuwa 5, tun daga haihuwa har ranar komawa ga Allah.

Idan aka duba ƙaramin hanji da madubin likita, za a ga bangonsa cike da 'yan tsirare-tsirare a tsaitsaye, kuma a gindin kowanne akwai ƙananan ramuka. A ƙasan ramin ake haihuwar sababbin ƙwayoyi. Suna rabuwa biyu-biyu, na baya na tura na gaba, har su fito bakin ramin, su daina rabuwa, kowace ta kama sana'arta. Wata na tsotsar abinci, wata na fitar da yauƙi, wata na sakin sinadaran da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. In sun kai ƙoli sai su faɗo. Babban hanji ba shi da tsirare-tsiraren, amma ramukan na nan, kuma tsarin ɗaya ne.

Wurin da ake rabuwa dare da rana haka, nan kuskure ke samun ƙofa. Kansar babban hanji da dubura na kama mutum kusan miliyan 1.9 kowace shekara a duniya, tana kashe wajen 900,000. Kansar huhu kaɗai ta fi ta kisa. Abin tambaya kuwa shi ne, tunda ana ta rabuwa haka, me ya hana ta kama kowa? Wa ke gaya wa ƙwayar da ke ƙasan rami ta rabu, wa ke tsawatar mata in ta hau sama?

Mutumin da ya fi kowa bin diddigin wannan tambaya bai fara da hanji ba. Hans Clevers likita ne ɗan ƙasar Holan da a farko yake binciken garkuwar jiki a birnin Utrecht. A 1991 ya gano wani furotin a cikin ƙwayoyin garkuwa, aka sa masa suna TCF. An ga alamar aikinsa kunna ƙwayoyin gado ne, amma shi kaɗai ba ya kunna komai. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka gane abokin aikinsa, wani furotin mai suna beta-katenin. Su biyun su ne ƙarshen wata hanyar saƙo da ake kira Wnt, wadda Roel Nusse da Harold Varmus suka fara cin karo da ita a 1982 a kansar nonon ɓeraye.

Ga yadda saƙon ke tafiya. Ƙwaya kullum tana ƙera beta-katenin, kuma kullum akwai gungun furotin a cikinta da ke kama shi yana farfasawa. Ɗaya daga manyan wannan gungu shi ne APC. Idan saƙon Wnt ya zo daga waje ya sauka a jikin ƙwaya, gungun sai ya dakata. Beta-katenin ya taru, ya shiga cibiyar ƙwayar, ya riƙe TCF, su kunna umarnin rabuwa. A ƙasan rami Wnt na da yawa. Ana hawa sama yana raguwa, APC ya koma bakin aikinsa, rabuwa ta tsaya.

A wannan shekara ta 1991 ɗin kuma, wasu masu bincike a Amurka da Japan suka gano cewa APC ce ke lalace a iyalan da ke gadon wata cuta mai sa ɗaruruwan tsiro su fito a babban hanji tun ana samartaka. A 1997 ɗakin binciken Clevers da na Bert Vogelstein na jami'ar Johns Hopkins suka haɗa zaren biyu: in APC ta lalace, beta-katenin na taruwa ko babu Wnt, ƙwaya ta yi ta rabuwa tamkar har yanzu tana ƙasan rami. Shekara ɗaya bayan haka ɗakin Clevers ya samar da ɓerayen da aka cire wa nau'in TCF na hanji. Ɓerayen sun mutu jim kaɗan bayan haihuwa, domin ramukan hanjinsu babu ƙwaya mai rabuwa. Ashe saƙon da ke raya hanji shi ne wanda ke jawo kansa in ya ƙi mutuwa.

Saura a gano uwar ƙwayoyin, wato wadda duk sauran ke fitowa daga gare ta. Tun 1974 Hazel Cheng da Charles Leblond na jami'ar McGill a Kanada suka nuna wasu siraran ƙwayoyi da ke maƙale a can ƙasan rami suka ce su ne. Ba su da hanyar tabbatarwa, maganar ta kwanta fiye da shekara 30. A 2007 Nick Barker, a cibiyar Hubrecht inda Clevers ya koma, ya sami wata ƙwayar gado mai suna Lgr5 da ke kunne a waɗannan siraran ƙwayoyi kawai. Ya shirya ɓeraye ta yadda in ya yi wa ƙwaya mai Lgr5 alama, ita da 'ya'yanta da jikokinta za su rine shuɗi. Bayan kwanaki sai ga zirin shuɗi ya taso daga ƙasan rami har ƙoli, ɗauke da kowane irin ƙwayar hanji, kuma watanni suka wuce bai gushe ba. A 2009 ya lalata APC a cikin waɗannan iyaye, ƙari ya fito cikin 'yan makonni. Da ya lalata ta a ƙwayoyin da suka riga suka hau sama, abin bai kai ko'ina ba.

A lokacin ne wani likitan ciki daga jami'ar Keio ta Tokyo, Toshiro Sato, ya zo Utrecht ya ce zai raini waɗannan ƙwayoyi a faranti. Masana da yawa na ganin wahalar banza ce. Ƙwayoyin kansa ne aka saba da su a ɗakin gwaji, irin waɗanda aka ɗiba daga jikin Henrietta Lacks a 1951, da har yau suke rabuwa. Lafiyayyar ƙwaya kuwa, an ɗauka tana rabuwa na ɗan lokaci ne ta gaji, ta hanji ma ko mako ba ta kaiwa.

Sato bai ƙirƙiro sabon sinadari ba. Ya duba abin da aka riga aka sani game da ramin ne, ya tambayi me ƙwayar ke samu daga maƙwabtanta. Ya zuba R-spondin, wanda ke ƙarfafa saƙon Wnt. Ya zuba EGF, wani saƙon na girma. Akwai kuma saƙon BMP da ke yawa a sama, mai cewa a daina rabuwa a kama sana'a, sai ya sa Noggin don ya toshe shi. Sannan, maimakon ya shimfiɗa ƙwayoyin a ƙasan faranti, ya nutsar da su cikin wani abu mai danƙo da ake kira Matrigel, wanda ake samu daga wani ƙari na ɓera, don su sami abin jingina ta kowane gefe. Ya sa a akwatin ɗumi mai zafin jikin mutum, digiri 37.

Abin da ya fito ya wuce abin da ya nema. Yana fatan ganin tarin ƙwayoyi ne masu rabuwa. Sai ƙwaya ɗaya ta zama 'yar ƙwallo mai rami a ciki, ƙwallon ta fara fitar da ƙusoshi ta gefe-gefe, kowane ƙusa ramin hanji ne sosai: uwar ƙwayoyi a ƙarshensa, masu tsotsa da masu yauƙi a wurarensu, matattu na zubewa cikin tsakiya kamar yadda suke zubewa a hanjin gaske. Babu wanda ya jera su. Duk girman abin bai kai milimita ɗaya ba. Kowane mako a farfasa shi a sake shukawa, ya sake tashi, wata da watanni, ba tare da ya rikiɗe ya zama kansa ba. Mujallar Nature ta buga aikin a 2009, kuma a 2011 Sato ya gyara haɗin, ya ƙara masa Wnt, ya yi aiki da hanjin mutum. Wannan shi ake kira oganoyid.

Jaridu sun fi son hoton: hanji a faranti. A ganina hoton ba shi ne babban abin ba. Babban abin shi ne jerin kayan da Sato ke zubawa, domin wannan jeri lissafi ne na duk abin da lafiyayyar ƙwaya ba ta iya yi wa kanta. A jiki ba za ka iya ɗauke saƙo ɗaya ka bar sauran ba, komai a cakuɗe yake. A faranti kuwa kai ne maƙwabcin. Ka hana R-spondin, cikin kwanaki ramukan su shanye. Ka ƙara Wnt fiye da kima, ƙusoshin su ɓace, ya zama ƙwallo sumul mai ta kumbura, babu mai kama sana'a. Lafiyayyar ƙwaya kamar yaro ce da ke cin tuwon gida: muddin daga hannunku yake ci, yana jin magana. Ranar da ya daina buƙatar kwanon gida, tsawa ta daina aiki.

Wannan tunani ne aka gwada a 2015, kuma shi ne gwajin da ya fi burge ni a duk labarin. Tun 1990 Eric Fearon da Vogelstein suka ce kansar hanji ba dare ɗaya take faɗowa ba, hawa-hawa ce: ƙwayar gadon da daga baya aka gane APC ce ta fara lalacewa tsiro ya fito, sai KRAS, sai wata a kuromosom na 18, sai TP53. Sun gano haka ne ta hanyar duba ƙararrakin da aka yanko daga marasa lafiya, wato sun ga sawu ne, ba su ga tafiyar ba. Da fasahar CRISPR ta yankan ƙwayoyin gado ta samu, ƙungiyoyi biyu suka ce bari su yi tafiyar da kansu. Ɗaya ta Jarno Drost ce a ɗakin Clevers, ɗaya ta Mami Matano a ɗakin Sato, wanda ya riga ya koma Tokyo. Kowace ta ɗauki lafiyayyen hanjin mutum ta shiga lalata shi da gangan.

Matsalar ita ce CRISPR ba ta kama kowace ƙwaya, kaɗan ne cikin dubbai. Yaya za a tsamo waɗanda ta kama? Amsar na cikin jerin Sato. Bayan sun kai wa APC hari, sai suka daina zuba Wnt da R-spondin. Duk lafiyayyun suka mutu, waɗanda APC ɗinsu ta lalace suka ci gaba, domin saƙon a kunne yake daga ciki. Suka sa wa KRAS irin tangarɗar da ake gani a marasa lafiya, suka ɗauke EGF, masu tangarɗar ko a jikinsu. Suka lalata SMAD4, wadda ke isar da saƙon dakatawa zuwa cibiya, suka ɗauke Noggin, ƙwayoyin ba su ma ji ana tsawatar musu ba. TP53 kuwa, wadda ke sa ƙwaya ta kashe kanta in ta lalace, sun zuba wani magani mai suna nutlin da ke tayar da ita, duk mai ita ya mutu, marasa ita suka rage.

Kowace tangarɗa ta goge layi ɗaya daga jerin. Da aka haɗa huɗun, oganoyid ɗin ya rayu babu ko ɗaya daga cikin saƙonnin da Sato ya sha wahalar tarawa. Kuromosom ɗinsa suka fara rikicewa wajen rabuwa, wata ƙwaya ta sami ƙari wata ta sami ragi. Da aka dasa shi a jikin ɓera mara garkuwa, ya zama ƙari mai kutsawa cikin naman da ke kewaye da shi.

Sai dai ƙungiyar Tokyo ta lura da wani abu da ya rage wa murnar zaƙi. Nasu oganoyid ɗin, mai tangarɗa biyar, ya yi ƙari a ƙarƙashin fatar ƙodar ɓera. Amma da suka zuba shi ta saifa don ya bi jini zuwa hanta, 'yan ƙananan ɗigo kawai ya yi, suka kwanta ba su girma ba. Abin da ke kashe mai kansar hanji galibi bazuwar ce zuwa hanta da huhu. Kenan rashin buƙatar maƙwabta na sa ƙwaya ta gagara a inda take, amma zama a baƙon wuri wani aiki ne daban.

A wannan shekarar kuma Lukas Dow da Scott Lowe a New York suka yi gwajin ta baya. Sun shirya ɓerayen da za a iya kashe musu APC a kuma sake kunna ta. Suka kashe, ƙari ya fito. Suka kunna, cikin makonni biyu ƙwayoyin ƙarin suka daina rabuwa, suka kama sana'a, ramuka suka dawo daidai, har a ɓerayen da KRAS da TP53 ɗinsu ke lalace. A oganoyid ma haka: ƙwallon sumul ta sake fitar da ƙusoshi. Babu maganin da ke mayar wa mutum APC a yau, kuma toshe Wnt gaba ɗaya na illata lafiyayyen hanji da ƙashi. Amma gwajin ya nuna ƙwayar kansa ba ta manta hanyar gida ba.

To me ke lalata ƙwayoyin gadon tun farko? Mafi yawa kuskuren kwafi ne da ke taruwa da shekaru. Amma an daɗe ana zargin wani nau'in bakteriyar E. coli da ke fitar da guba mai suna kolibaktin, wanda ke zaune a cikin kusan mutum ɗaya cikin biyar ba tare da sun sani ba. Zargi kawai ne, don samun ɓarawo a unguwa ba ya nufin shi ya yi satar. A Utrecht, Cayetano Pleguezuelos da abokan aikinsa suka riƙa tsira wa lafiyayyun oganoyid wannan bakteriya da siririyar allura har cikin tsakiyarsu, suna maimaitawa tsawon wata 5. Wasu oganoyid ɗin kuma suka sa musu irinta wadda ba ta iya yin gubar. Da suka karanta ƙwayoyin gadon, masu gubar sun bar wani tabo na musamman, kuskure iri ɗaya a wurare iri ɗaya. Suka nemi tabon a bayanan dubban marasa lafiya na Holan da Ingila, suka same shi a wajen kashi 5 cikin 100 na masu kansar hanji, wani lokaci ma a kan APC kanta. An buga wannan a 2020.

Daga nan hankali ya koma kan marar lafiya. Tunda ɗan gutsuren da likita ya ɗebo daga ƙari zai iya girma a faranti, me zai hana a gwada magunguna a kansa kafin a ɗura wa mai shi? Akwai wani abin mamaki a nan: in aka shuka gutsuren a cikakken haɗi, lafiyayyun ƙwayoyin da suka biyo shi sukan rinjayi na kansar, domin na kansar da yawa na mutuwa wajen rabuwa. Dole a ɗauke Wnt don a bar wa kansar fili. A 2015 Marc van de Wetering ya tara oganoyid daga marasa lafiya 20, kusan kowanne da na ƙarinsa da na lafiyayyen hanjinsa, aka gwada musu magunguna 83. Ɗaya daga ciki APC ɗinsa lafiya lau, tangarɗarsa a wata ƙwayar gado ce mai suna RNF43, saboda haka har yanzu yana buƙatar Wnt daga waje, kuma maganin da ke hana sakin Wnt ya kashe shi. A 2018 masu bincike a asibitin Royal Marsden na Landan suka kwatanta faranti da gadon asibiti: duk maganin da ya kasa a faranti ya kasa a jikin mutum, wanda ya ci a faranti kuwa ya ci a jiki sau 88 cikin 100.

Lambobin sun yi daɗi, amma mutanen kaɗan ne, kuma abin da ya biyo baya ya sanyaya gwiwa. Wani binciken a cibiyar kansa ta Amsterdam a 2019 ya ga faranti na hasashen aikin irinotekan, amma ba ya hasashen na oksaliplatin. A 2021 wannan ƙungiya ta buga sakamakon gwajin da aka bar faranti ya zaɓi maganin. Mutum 61 suka shiga, oganoyid ya tashi ga kusan rabinsu, 6 kawai suka kai ga shan maganin da aka zaɓa, kuma babu wanda ƙarinsa ya ja da baya yadda ake so. Wasu jikinsu ya tsananta kafin ƙwayoyinsu su gama girma, don aikin na cin makonni.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Oganoyid shimfiɗar ciki ce tsura. Ba jijiyar jini, ba ƙwayoyin garkuwa, ba naman da ke kewaye, ba hantar da za ta sarrafa magani. Abin da ya sa ya yi kyau wajen nazarin saƙo, wato an kore maƙwabta an maye gurbinsu da kwalabe huɗu, shi ne rauninsa wajen hasashen magani. Yanzu ana ƙoƙarin dawo da su ɗaya bayan ɗaya, ana haɗa oganoyid da ƙwayoyin garkuwar mai shi. Inda ya riga ya shiga asibiti sosai ba kansa ba ce, wata cutar gado ce mai daskarar da majina a huhu da hanji, wadda ta fi yawa a Turawa. A Utrecht, Jeffrey Beekman ya nuna a 2013 cewa lafiyayyen oganoyid na kumbura in an zuba masa wani sinadari, na mai cutar ba ya kumbura sai in magani ya gyara shi. A can tambayar ɗaya ce, furotin ɗaya, kuma amsar na cikin shimfiɗar kanta.

Akwai wani giɓin kuma da ya shafe mu kai tsaye. Dabarar ɗauke Wnt don a tsamo ƙwayar kansa ta dogara ne da cewa APC a lalace take, kuma haka ne a mafi yawan marasa lafiyar Turai da Amurka da Japan, inda aka tara manyan rumbunan oganoyid. A 2021 Olusegun Alatise na asibitin koyarwa na jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, tare da Peter Kingham na cibiyar Memorial Sloan Kettering, suka buga nazarin kansar hanji a kudu maso yammacin Najeriya. Marasa lafiyar sun fi na Amurka ƙuruciya, sun fi zuwa asibiti bayan cuta ta yi nisa. A babban rukunin ƙararrakin da suka karanta, APC ta lalace a ƙasa da rabi, alhali a na New York kusan kashi uku cikin huɗu ne, tangarɗar hanyar KRAS kuwa ta fi yawa a na Najeriya. Ƙarin da APC ɗinsa ke lafiya na iya mutuwa a haɗin da aka ɗauke wa Wnt, mai gwaji ya rubuta cewa shuka ba ta kama ba. Duk wanda zai raini oganoyid daga marasa lafiyar Ife ko Kano ko Zariya, sai ya raba kowane gutsure gida-gida, wani da Wnt wani babu, kamar yadda ɗakin Sato ya yi a 2016 lokacin da ya tara oganoyid 55 daga ƙararrakin hanji iri-iri, ya bar kowanne ya nuna abin da har yanzu yake buƙata.